Zaure da tsakar gida a ginin zamani: yadda ake tsara sabon gidan Bahaushe a Kwatano

A unguwar Zango ta birnin Kwatano, kamar a sauran zangunan Hausawa na gaɓar tekun Afirka ta Yamma, tsoffin gidajen gado suna ba da wuri ga benaye na bulo da kankare. Fili ya yi tsada, iyali sun ƙaru, kuma shago a bakin titi yana kawo kuɗin haya. Abin da yakan salwanta idan aka rushe tsohon gida aka tada sabo shi ne tsarin da ya sa gidan ya dace da zaman iyalin: inda baƙo zai tsaya, inda mata za su sake, da sararin girki da shanya da taron suna.

Masu zanen gine-gine a Nijar da Najeriya da Burkina Faso sun daɗe suna neman hanyar riƙe wannan tsari a gida mai lantarki da famfo da garejin mota. Ayyukansu sun nuna cewa tsarin gidan yana iya bin mutum duk inda ya je. Kayan ginin kuwa, da kaurin bango da girman taga, sai an daidaita su da ƙasar da aka sauka.

Yadda gidan gargajiya yake

Gidan Bahaushe na birni, a Kano ko Zariya ko Damagaram, katanga ce ta kewaye shi, kuma ƙofa ɗaya gare shi. Mai shiga yana farawa da zaure, wanda Kanawa ke kira soro. A nan maigida yake karɓar baƙi, a nan ake karatun allo, a nan maɗinki ko masaƙi yake sana'arsa, a nan kuma ake zaman gaisuwa idan an yi rasuwa. A waje akwai dakali, wurin hirar maza da yamma.

Bayan zaure akwai fili da ake kira ƙofar gida, inda ɗakunan samari da na baƙi suke. Daga nan sai shigifa, wato zaure na biyu, wanda namijin da ba muharrami ba ba ya wucewa. Magina ba sa jera ƙofofin nan a saiti ɗaya. Sukan karkata su, ta yadda wanda ke tsaye a titi ba zai hango abin da ke ciki ba ko da duk ƙofofin a buɗe suke.

Cikin gida shi ne zuciyar ginin. Akwai tsakar gida, da ɗakunan mata, da turakar maigida, da madafa, da rijiya, da makewayi a can ƙurya. Idan ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe. Idan ɗaki ya mutu, a jiƙa ƙasarsa a sake ginawa da ita. Gidan yana girma yana raguwa tare da mutanen da ke cikinsa.

Kayan gini da dabarun magina

Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a mulmula tubali mai siffar ƙwai, a shanya shi a rana, sannan a jera shi da kwaɓi. Bangon yana da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufin kuwa azara ce da ake tsagawa daga giginya, itacen da gara ba ta cika ci ba. Azara guda ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta kai mita biyu, shi ya sa magina suka ƙware wajen ɗaura ta bisa juna su fitar da bakan gizo. Idan bakan gizo suka gitta juna aka ɗora tulluwa a kai, ɗakin yakan yi faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

Babban misalin wannan fasaha shi ne Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim a ƙarni na 19. Sana'ar gado ce, tana da Sarkin Magina a manyan birane.

Don kare gini daga ruwa ana shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Indararo yana fitar da ruwan rufi nesa da bango. Zankwaye suna tsaye a kusurwoyi, kuma su ne abin da ido yake fara ganewa da ginin Hausa.

Hikimar bango mai kauri tana da alaƙa da yanayin Sahel, inda rana take da zafi ƙwarai, dare kuma yakan yi sanyi, musamman da rani. Bangon yana shan zafin yini a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi. Ƙananan tagogi suna rage ƙura da hasken rana.

Abin da ya sa aka juya wa ginin ƙasa baya

Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina, kuma aikin gayyar da ake yin hakan da shi ya ja baya. Giginya ta yi ƙaranci. Bulo da kwano sun zama alamar samu, ƙasa kuma ta zama alamar rashi. Daga unguwannin Turawan mulkin mallaka aka kwaikwayi wani tsari na daban: gida a tsakiyar fili, tagogi na kallon waje, falo a bakin ƙofa.

Wannan tsari ya juya gidan gargajiya ciki ya koma waje. Sararin da a da yake tsakiya ya zama siririn lungu tsakanin gini da katanga, wanda ba ya amfanin kowa. Baƙo namiji yana shigowa kai tsaye falon da iyali suke zaune, sai matan gida su koma ɗaki ko kicin. Bangon bulo mai rami da kwano mara sili suna mayar da ɗaki tanda, sai a dogara da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a kuma biya kuɗin wuta.

Sai dai gargajiyar kanta ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. A tsakiyar ƙarni na 20, maginan Zariya sun riƙa zana keke da mota da jirgin sama a fuskar gidajen attajirai, gefe da gefe da dagi, wasu kuma suka koma yin zanen a kan shafen siminti. Gidajen 'yan kasuwa na unguwannin Birni da Zango a Damagaram su ma suna ɗauke da ado na zamani daban-daban.

Ayyukan da suka haɗa biyun

A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, magini Alhaji Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. Ya ci gaba da sabunta shi, ya sauya rufinsa da bakan gizo da tulluwa, ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu. A 1986 masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan kan gine-gine. Wannan ya nuna cewa maginin gargajiya ma yana ƙirƙirar sabon abu.

Aikin da ya fi kusa da batun gidan zama shi ne Niamey 2000, rukunin gidaje shida masu hawa biyu da aka kammala a Yamai a 2016. Ƙungiyar united4design ce ta zana shi, wadda ta ƙunshi Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar, da Yasaman Esmaili, da Elizabeth Golden, da Philip Sträter. Faɗin rukunin murabba'in mita 1,700 ne. An gina shi da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji ba tare da gasawa ba. Gidajen suna jingine da juna kamar na tsoffin biranen Kano da Damagaram da Tumbuktu, kowanne da sararinsa na ciki da wuraren zama a waje waɗanda maƙwabci ba ya leƙawa. An yi su ne don masu matsakaicin samu, kuma aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantance don lambar Aga Khan ta 2022.

Mariam Issoufou ta kafa ofishinta a Yamai a 2014, ta kira shi atelier masōmī, daga kalmar Hausa masomi. Ita da Yasaman Esmaili sun kammala cibiyar Hikma a Dandaji, shi ma a jihar Tawa, a 2018. Sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da tubalin inji da aka yi da jar ƙasar yankin, tare da maginan garin.

A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a 2001 da bangon tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin, ya bar tazara a tsakani. Iska tana ratsa tazarar tana kwashe zafi, bakin kwanon kuma ya zarce bango yana kare shi daga ruwa. Kéré ya samu lambar Pritzker a 2022, kuma shi ne ya zana sabon ginin majalisar dokokin Benin a Porto-Novo.

Akwai kuma dabarun rufi ba tare da itace ba. Ƙungiyar Development Workshop ta horar da magina a Nijar kan tulluwar tubali zalla tun shekarun 1980, sannan ƙungiyar La Voûte Nubienne, wadda aka kafa a 2000, ta yaɗa irin wannan rufi daga Burkina Faso har zuwa arewacin Benin. Duk waɗannan dabarun ƙasar rani ne, inda ruwan sama bai da yawa.

Bambancin Kwatano da ƙasar Hausa

Hausawa sun san ƙasar da yau ake kira Benin tun zamanin fataucin goro, lokacin da ayari ke bi ta Nikki da Parakou da Djougou zuwa Gwanja. Daga baya, layin dogo na Kwatano zuwa Parakou da tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1965 suka mayar da birnin mashigar kayan Nijar, 'yan kasuwa da direbobi da malamai suka ƙaru a Zango da kewayen kasuwar Dantokpa.

Birnin yana zaune ne a kan yashi tsakanin tekun Atlantika da tafkin Nokoué, kuma wurare da yawa a cikinsa kaɗan suka ɗara teku tudu. Ƙidayar 2013 ta nuna mutane 679,012 a cikinsa. Damina biyu ake yi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan da ke sauka a shekara ya kai kimanin milimita 1,300, kusan ninki uku na abin da Damagaram take samu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, kuma ambaliyar 2010, wadda ta shafi mutane kimanin 680,000 a faɗin ƙasar, ta mamaye unguwanni da dama na birnin.

Zafin Kwatano zafin gumi ne. Iska tana da laima, kuma dare ba ya sanyi sosai fiye da rana. A irin wannan yanayi bango mai kauri da ƙaramar taga ba sa sanyaya ɗaki, sai ma su riƙe laima su kawo fumfuna. Abin da ke sanyaya jiki shi ne iska mai motsi, kuma iskar teku galibi daga kudu maso yamma take kaɗawa. Rufin ƙasa shimfiɗaɗɗe irin na Kano ba ya jure wannan ruwa.

Mutanen kudancin Benin suna da tasu amsar. Fadojin sarakunan Abomey, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1985, da jar ƙasa aka gina su. A Porto-Novo, Agudawa, wato waɗanda suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19, sun gina gidaje masu dogayen tagogi na katako da baranda da rufi mai gangara. Mai gini a Zango yana da abin koyo daga waɗannan gidaje game da iska da ruwa, kamar yadda yake da abin koyo daga Zariya game da tsari.

Tsari a ƙaramin fili

Fili a Kwatano ana kiransa carré, kuma gidan haya da aka saba gani jerin ɗakuna ne masu fuskantar tsakar gida ta tarayya: ɗaki ɗaya da ake kira entrer-coucher, ko ɗaki da falo. Wanda zai rushe irin wannan ya gina na iyali yana da hanyoyi da dama na riƙe tsarin gargajiya.

Zaure yana iya zama ɗakin baƙi a bakin titi, mai ƙofarsa da makewayinsa da wurin alwala. Ƙofar da ke kaiwa ciki a karkata ta, ko a tare ta da ɗan bango. Idan ana son shago, sai a jera shi da zauren a fuskar titi, su zama garkuwa ga sashen iyali daga ƙarar 'yan zemidjan da ƙurar hanya. Garejin mota yana iya yin aikin ƙofar gida ta da: ranar suna ko ɗaurin aure a fitar da motar a shimfiɗa tabarmi.

Tsakar gida tana samuwa ne idan aka tura ginin zuwa gefunan fili aka bar tsakiya a buɗe, gwargwadon abin da ƙa'idar gini ta unguwar ta yarda. Ko ƙarama ce tana shigo da haske, tana ba iska mai zafi hanyar fita sama. A ƙasar ruwa sai an ɗaga daɓenta sama da titi, an yi mata magudana, an kuma kewaye ta da rumfa don a iya wucewa daga ɗaki zuwa ɗaki ana ruwa.

Kicin na zamani mai gas ba ya ɗaukar tukunyar biki, ba kuma ya ɗaukar daka. Shi ya sa ake buɗe shi zuwa wata rumfa a tsakar gida, inda murhu da turmi za su zauna. Matan da ke sana'a a gida, masu tuwon sayarwa ko fura ko ɗinki, suna buƙatar wurin da mai saye zai iso ba tare da ya ratsa ɗakunan kwana ba.

Idan gidan bene ne, matattakala tana ɗaukar matsayin shigifa. Benen da za a ba 'yan haya ya samu matattakalarsa daga waje, tagoginsa kuma kada su kalli tsakar gidan iyali. Saman bene, idan aka kewaye shi da bulo mai huji wanda ya wuce tsayin mutum, yakan zama tsakar gida ta biyu don shanya da shan iska. Ɗakin tsofaffi ya kasance a ƙasa. Makewayi kuma a duba alƙibla kafin a kafa shi, wadda daga Kwatano take gabas maso arewa.

Kayan ginin da ya dace da gaɓar teku

Yashin Kwatano ba ya yin tubali. Jar ƙasar da Faransawa ke kira terre de barre tana tudun da ke arewa da birnin, daga Abomey-Calavi zuwa Allada, don haka kuɗin dakonta yana cikin lissafi. Tubalin inji, wanda a Faransanci ake taƙaita sunansa da BTC, ya samo asali ne daga injin hannu na CINVA-Ram da aka ƙera a Kolombiya a shekarun 1950. A wuri mai laima ana ƙara wa ƙasar siminti kaɗan, galibi kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a ajiye tubalin a inuwa ana yayyafa masa ruwa na kimanin mako huɗu kafin a yi gini da shi.

Irin wannan bango sharuɗɗa biyu gare shi. Harsashinsa na kankare ko dutse ya tashi sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa a unguwar, da abin da zai hana laima hawa. Rufinsa kuma ya zarce bango sosai. Inda ruwa ke kwanciya duk shekara, ya fi aminci a yi hawan ƙasa da bulo da kankare, a bar tubalin ƙasa ga bangayen ciki ko hawan sama.

Kowane ɗaki yana son taga a ɓangarori biyu don iska ta shiga ta fita, da ragar sauro a kowace. Tagar gilashi mai faranti-faranti, wadda ake kira naco, tana barin iska ta shiga ko ana yayyafi. Bulo mai huji a saman bango yana fitar da zafi ba tare da ya buɗe gida ga idon waje ba. Iskar teku tana ɗauke da gishiri mai cin ƙarfe, saboda haka rodin da ke cikin kankare yana buƙatar rufi mai kauri, kuma yashin da ke da gishiri ba ya shiga kwaɓi. Kusancin ruwan ƙasa yana nufin ramin masai dole ya zama ginanne wanda ba ya yoyo, nesa da rijiya.

Ado da alamomi

Zankwaye da dagi su ne mafi sauƙin kwaikwayo, kuma ana ganinsu a manne a gine-ginen siminti daga Abuja zuwa Yamai. Ba su da illa, amma ba sa canza yadda ake zama a gida. A ginin gargajiya ado yana da mazauni: kewayen ƙofar zaure, cikin rufin ɗakin baƙi, da bangon ɗakin amarya. Sabon gida da ya tara adonsa a ƙofar shiga ya bar sauran bango fili ya fi kusa da asali. A ƙasar ruwa, zanko na siminti a kan rufi yakan tsage ya zama hanyar yoyo idan ba a rufe kansa da kyau ba.

Takardu, gado da kuɗi

Dokar filaye ta Benin ta 2013 ta ɗora rajistar filaye a kan hukumar ANDF, kuma sabon gini a Kwatano yana buƙatar takardar izini. Tsoffin gidajen Zango da yawa na magada ne da dama, wasu suna Nijar ko Najeriya ko Gana. Yarjejeniya a rubuce kan wanda zai samu wane sashe, kafin a taɓa bango, tana hana rigimar da kan tsayar da gini a rabi.

Gwamnatin Benin tana da shirin gina gidaje 20,000, wanda babban rukuninsa yake Ouèdo a yankin Abomey-Calavi, amma mafi yawan iyalai da kansu suke gini, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da kasuwa ta bayar. A nan ma tsarin gargajiya yana da amfani, domin dama gida ne da aka yi shi don ya girma sashe-sashe. Zane mai kyau yana nuna tun farko inda za a ƙara ɗaki ko hawa, yana kuma sa a zuba harsashin da zai ɗauki nauyin. Abin da ya fi wahalar karewa shi ne tsakar gida, domin kowane magaji yana ganin ɗakin haya a cikinta. Iyalan da suke son ta ɗore sukan rubuta a cikin yarjejeniyarsu cewa ba ta cikin abin rabo, kuma ba a gini a kanta.